Turo Min Sibi Ɗinka

Aiki a ƙasar nan sai da hanya. Na faɗa da bakina tun kafin ku faɗa min, domin na hango yadda kuka gyara zama a kan benci, kowa ya taɓe baki, ana jiran in gama wa'azin gyaran takardar neman aiki a ce min, "Malam, kai dai ka samu abin rubutawa." To na riga ku. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma ba ni ne zan zo in ce muku ƙarya kuke yi ba.

Ta yaya ma zan musa? A ranar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar nan. Kowa ya biya naira 1,000, mutum fiye da 500,000 suna neman gurbin da bai kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu, mutum fiye da 15 suka rasa rayukansu, Allah ya ji ƙansu. Babu wanda ya duba takardar neman aikin kowa, wato sibi, a wannan rana. A 2020 da aka buɗe rukuni na uku na shirin samar da aiki na N-Power, fiye da mutum miliyan 5 ne suka cike. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen wannan shekarar rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Sai ga shi a 2023 ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, nan take adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Don haka ina taya da yawa daga cikinku murna. A lissafin gwamnati kun daɗe da samun aiki, sanar da ku ne dai ba a yi ba.

Amma ku ba ni amsar wannan. Ran da Allah ya haɗa ka da hanyar da kake ta mafarki, kawunka ya riƙe hannunka ya kai ka wurin Alhaji, ka cire takalmi, ka durƙusa ka kwashi gaisuwa, ya tambayi mutanen gida, mece ce magana ta farko da take fitowa daga bakinsa? "Yaro, turo min sibi ɗinka." Shi ma Alhajin yawanci ba shi ne mai aikin ba. Turawa zai yi ga wani, ya ɗora mutuncinsa a kan takardarka. Wanda aka tura wa kuwa yana da mutum goma irinka a wayarsa, kowa da Alhajinsa, wani ma nasa Alhajin ya fi naka babbar riga. Idan hanya ta ci karo da hanya, sai a koma kan takarda a raba gardama. Kuma ba kowane mai ɗaukar ma'aikata ne gwamnati ba. Mai makarantar kuɗi, da mai kemis, da mai kamfanin shinkafa, da ƙungiyoyin agajin da suka cika Maiduguri, duk suna neman wanda zai yi musu aiki ne. Mutumin da albashi ke fita daga aljihunsa yakan so ɗan'uwansa, amma ya fi son kuɗinsa.

To bari mu buɗe taka mu gani. Kada ka ɓoye, ƙanena, na san inda aka haife ta. Shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta ne, inda yaron shago yake da sibi ƙwaya ɗaya a kwamfuta tun zamanin da ake ajiya a faifai. Duk wanda ya zo sai ya goge sunan na jiya ya sa na yau. Shi ya sa ku duka burinku ɗaya ne: yin aiki a wuri mai ƙalubale domin bayar da gudummawa ga ci gaban ma'aikata. Mai neman aikin jinya haka ya rubuta, mai neman tuƙi haka ya rubuta, mai neman gadi ma wuri mai ƙalubale yake nema, shi kam Allah ya raba shi da samu. Abubuwan sha'awarku ma ɗaya ne: karatu, tafiye-tafiye da haɗuwa da sababbin mutane. Tafiye-tafiye! Kai da tun dawowarka daga bautar ƙasa ba ka wuce Kwanar Dangora ba. Karatu kuwa, ran da aka tambaye ka a ganawa wane littafi ka karanta na ƙarshe, silin ɗin ofishin ne zai sha kallo.

Shafin farko gaba ɗaya ya tafi a tarihin haihuwa. Suna, jinsi, ranar haihuwa, garin haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, ƙasa, ƙabila, addini, aure ko babu, wani har da tsawo. Sannan makarantar firamare da shekarar da ka gama, sai ƙaramar sakandare, sai babba, a hankali a hankali kamar mai hawan bene da cikin wata tara, digirin da ka sha wahalar shekara huɗu ko shida da yajin aiki a kansa yana can ƙasan shafi na biyu yana jiran mai haƙuri. Kafin wani ya yi min tsalle, na san jiha da ƙaramar hukuma suna da amfani a aikin gwamnatin tarayya, domin tun 1996 akwai hukumar da aka kafa don raba guraben aiki daidai tsakanin jihohi, kuma za a nemi takardar shaidar asalinka. To ka ba su layi ɗaya a can ƙasa. Amma kamfanin da ke neman akanta ba ruwansa da garin da aka yanke maka cibiya. In kuwa aikin na ƙungiyar ƙasashen waje ne ko irin wanda ake yi ta intanet, ka sani a Ingila da Amurka ba a sa shekaru, ko hoto, ko maganar aure a sibi, saboda dokokinsu na hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki. Kai kana ganin ka cika bayani, su suna ganin ka jawo musu fitina.

Kun san tsawon lokacin da takardarku take samu a hannun mai tacewa? Kamfanin Ladders na Amurka ya sa na'ura ta bi idanun masu ɗaukar ma'aikata a 2012, ya ce kallon farko sakan 6 ne. Da ya sake gwadawa a 2018 ya samu sakan 7.4. Wannan a can ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ku ƙiyasta namu, da jami'i ɗaya zai zauna da tarin takardu a gabansa, fanka ta tsaya, ga azahar ta gabato. Je ka kasuwar 'Yankaba ka ga yadda mai tumatir yake shirya kwandonsa. Manya jajaye su ne a sama, domin ya san mai saye ba zai zazzage kwando ba kafin ya tsaya. Kai kuma ka kwashe manyan ka binne a gindi, ka jera ƙananan a sama, kana mamakin yadda ake wuce ka. Abin da ya fi ƙarfi a tare da kai shi ne zai hau sama, nan da nan bayan sunanka da lambar wayarka. In aiki ne, na baya-bayan nan ya fara zuwa. In karatu ne, babbar shaida ta fara zuwa. Firamare kuma a sallame ta da godiya, wanda ya ga digiri ya san an bi ta can.

Na ji wani daga can ƙarshen benci, mai carbi a hannu, yana cewa, "Malam, ai yabon kai jahilci ne. Mu ba a haka aka tarbiyyantar da mu ba." Madalla da tarbiyya. Amma Ustaz, karanto mana abin da ka rubuta a takardarka mana. Mai himma. Mai gaskiya da riƙon amana. Mai aiki tuƙuru. Mai iya aiki cikin matsi. Mai aiki ba sai an sa masa ido ba. Mai saurin fahimta. In wannan ba kirari ba ne, to maroƙa sun daina sana'a. Ka jera wa kanka sifofi shida babu shaida ko ɗaya, sannan da aka ce faɗi abin da ka aikata sai kunya ta kama ka. Kuma wa ka taɓa gani ya rubuta cewa shi malalaci ne mai son barcin hantsi? Sifar da kowa zai iya rubutawa ba ta bambanta ka da kowa.

Tunda carbi ne a hannunka, mu je inda ka fi ganewa. A aya ta 55 ta Suratu Yusuf, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, kuma ya ambaci abu biyu game da kansa, iya tsarewa da sani. Ka duba da kyau. Abu biyun su ne ainihin abin da aikin taska yake bukata. Bai kawo maganar kyawunsa ba, alhali duk duniya ta san an ba shi. Kuma kafin ya nema ya riga ya fassara mafarkin sarki, ya shimfiɗa yadda za a adana hatsin shekara bakwai na wadata don shekara bakwai na fari. Wato aikinsa ya riga maganarsa isa fada. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da wannan ayar cewa mutum zai iya faɗin abin da ya iya idan akwai bukata kuma gaskiya ne. Saboda haka ka ajiye min maganar kunya, ka faɗi abin da ka yi.

Ga yadda abin yake. Maimakon "na yi koyarwa a lokacin bautar ƙasa", sai ka ce ka koyar da lissafi a azuzuwa uku na babbar sakandare, ɗalibai kaza, ka shirya 'yan aji shida don jarrabawar WAEC da NECO, kuma in ka san adadin da suka ci, ka faɗa. Maimakon "na taimaka a ofis", ka ce kai ne ka mayar da rajistar ma'aikata daga littafi zuwa kwamfuta, mutum nawa, cikin wata nawa. Mai karatu yana so ya ga me ka yi, wa ka yi wa, nawa ne, kuma me ya biyo baya. Lamba ba ta da girman kai. Idan ka ce ɗalibai 120, ba yabon kanka ka yi ba, ƙirga ka yi. Sai dai ka tabbata ka ƙirga ɗin, domin wanda zai yi maka tambayoyi yana iya zama tsohon malami, ya san aji nawa mutum ɗaya zai iya ɗauka.

Yanzu ga masu rinjaye a majalisar, waɗanda tun ɗazu suke jiran nan. "Duk wannan ga wanda ya taɓa aiki ne. Mu da ba mu taɓa yi ba fa? Ana cewa sai mai gogewar shekara biyar, mu kuma ba a ba mu mun goge ba." Wannan ƙorafi yana da gaskiya a cikinsa, kuma masu neman ɗan shekara 26 mai gogewar shekara biyar su ma sun cancanci tasu zolayar wata rana. Amma zo nan kusa in tambaye ka. Shekarun nan da kake cewa kana zaune, da gaske zaune kake?

Kai ne fa tun kana aji uku kake tsaron shagon yayanka a Kantin Kwari. Kai kake riƙe littafin bashi, ka san dila nawa ta shigo, nawa ta fita, wane ɗan Agadas ne yake biya a kan lokaci, wane ne sai an bi shi da waya. Kai kake zuwa banki, kai kake lissafin mota da 'yan dako. A kamfani wannan aikin mutum uku ne, kowa da teburinsa da sunan muƙaminsa, mai kula da kaya, mai kula da abokan ciniki, mai karɓo bashi. Kai ka haɗa duka ka kira shi "zaman kasuwa", ka ƙi rubutawa, wai ba aikin ofis ba ne. Wani kuma yana Farm Centre shekara da shekaru yana buɗe cikin waya yana ɗora mata manhaja, amma a sibi ɗinsa, wurin ƙwarewa, ya rubuta "iya mu'amala da jama'a". Wani ya yi malamin zaɓe a 2023, ya riƙe na'urar BVAS, ya tantance ɗaruruwan mutane a rana ɗaya cikin hayaniya da barazana, ya cike takardar sakamako wakilan jam'iyyu suna tsaye a kansa. Wannan shi ne aiki cikin matsi na gaske, ba wanda yaron shago ya buga maka ba, amma ko a layi ɗaya bai fito ba.

Ke ma ƙanwata, na gan ki kina dariyar maza, zo ki karɓi naki. Kin yi shekaru kina bin gida-gida a aikin rigakafin shan-inna, kina shawo kan uwar da ta rantse ba za a ɗiga wa ɗanta komai ba, kina cike takardar ƙidaya, kina kai rahoto da yamma. Da irin wannan aikin naku ne aka kai ga ayyana Najeriya da ma Afirka baki ɗaya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020. Ƙungiyoyin lafiya suna neman mai irin wannan gogewa ido rufe, ke kuma kin rubuta "babu" a wurin aikin da aka taɓa yi. Kina uwar adashi, mata talatin suna zuba miki kuɗi duk mako ba a taɓa jin kanku ba. Kina koyarwa a Islamiyya. Kina sayar da turaren wuta ta WhatsApp har Legas da Fatakwal, kina lissafin kuɗin aike. In kuma shekarun da suka ɓace a takardarki na aure da reno ne, ba sai kin ƙirƙiro kamfanin da babu shi kin cike gurbin ba. Ki rubuta abin da kika yi a cikinsu, in an tambaya ki faɗi gaskiya kanki a ɗage.

Sai harshe. Wannan kam yana ba ni haushi. Mutum yana jin Hausa da Fulatanci, ko Kanuri, ko Larabcin Shuwa, ko ya yi zama a Maraɗi ya iya Faransanci, amma sai ya rubuta "Turanci da Hausa" a can ƙarshe kamar mai neman afuwa, sauran ma ya bar su. Ƙungiyar da za ta tura ma'aikaci sansanin 'yan gudun hijira a Borno ta san Turancinta ba zai yi mata hira da tsohuwa ba. Ka faɗi kowane harshe, ka bambance wanda kake magana da shi kawai da wanda kake iya rubutawa. In ka taɓa tattara bayanai da waya a wani aikin ƙidaya, ka ambaci sunan manhajar, KoboToolbox ce ko ODK, domin sunan ne ake nema.

Akwai kuma mai fahariya, wanda ya ce shi ya tura sibi ɗinsa wuri ɗari biyu ba a kira shi ba, don haka magana ta ƙare. Sannu da ƙoƙari. Amma takarda ɗaya ka tura sau ɗari biyu, ita ce ta je banki, ita ce ta je asibiti, ita ce ta je gidan rediyo. Bari in ba ka labarin wani Bature da ya fi ka wayo shekara ɗari biyar da suka wuce. Wajajen 1482, Leonardo da Vinci, wanda daga baya ya zana hoton Mona Lisa, ya rubuta wa Ludovico Sforza, mai riƙe da mulkin Milan a Italiya, takardar neman aiki. Kana tsammanin da zane ya fara? Ya duba ya ga mutumin nan yaƙi ne a gabansa. Sai ya jera masa cewa zai iya ƙera gadoji marasa nauyi da soja za su ɗauka su yi tafiya da su, zai iya janye ruwan da ya kewaye ganuwa, zai iya haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa, zai iya ƙera igwa da karusai masu sulke. Sai a can ƙarshe ya ce in lokacin zaman lafiya ne yana iya gini da sassaƙa, kuma yana taɓa zane. Ya ma ce in ana shakka a shirye yake ya gwada a gani. Ya zauna a Milan har 1499. Mutumin da duniya ta sani da zane ya mayar da zane ƙarshen layi saboda ya karanta bukatar mai ɗauka, kai kuma karanta tallar aikin har ƙarshe ma ya gagare ka.

Karanta tallar yana da wani amfanin da bai kasance a zamanin Leonardo ba. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa yanzu manhaja ce take karɓar takardu ta adana, jami'i kuma ya bincika da kalmomi. In talla ta ce ana neman wanda ya iya Excel da rubuta rahoto, kai kuma ka iya, to ka rubuta su da sunan da tallar ta kira su. In ka lulluɓe su cikin "ƙwarewa a harkar kwamfuta", binciken zai wuce ta kanka. Haka nan, rubutu kawai manhajar take karantawa. Kai da ka shimfiɗa sibi ɗinka a kan katifa ka ɗauke shi hoto, har babban yatsanka da zanen zanin gado sun fito, ka sani ba abin da ta gani. Kwalliyar furanni a gefen shafi da rubutu kala uku su ma a bar wa katin biki. Shafi ɗaya ga sabon shiga, biyu ga wanda ya daɗe, a mayar da shi PDF, a sa masa sunanka.

Ina ganin idon wani ya yi haske. Ya ce a ransa, tunda kalmomi ake nema, ai sai in kwashe na tallar duka in zuba. Tsaya, ɗan'uwa, kada ka ja min zunubi. Mu nan Kano ba sai an je nesa an samo mana misali ba. A 1999 Salisu Buhari ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a ƙasa, sai mujallar The News ta bankaɗo cewa digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A watan Yulin shekarar ya sauka yana hawaye, har sunan Toronto ya zama abin da ake kiran takardar bogi da shi. A watan Satumban 2018 Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi bayan Premium Times ta ba da rahoton cewa takardarta ta yafe bautar ƙasa ta jabu ce, duk da ta ce ba ta san haka take ba. A watan Disamban 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi, a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Kakaki da minista ba su sha ba, sai kai da ko kansila ba ka sani ba?

Shi Kakakin ƙara shekaru ya yi, ku kuma ragewa kuke yi. Ana zuwa kotu a yi rantsuwa a zubar da shekara biyar a bakin ƙofa, amma a manta da takardar firamare. Sai mai dubawa ya yi ɗan lissafi ya ga ka gama aji shida kana ɗan shekara biyar, ka shiga makaranta tun kana ciki. Ƙaryar kwamfuta ta fi wannan saurin tonuwa. Ka rubuta ka ƙware a Excel, aka juyo maka da kwamfutar aka ce tara mana wannan layin, sai ka zaro wayarka kana neman kalkuleta. In ba ka iya ba, mako biyu a YouTube da kwamfutar aro sun isa ka iya abin da za ka rubuta ba tare da gabanka ya faɗi ba.

Yaron shagon buga takardu ma ya samu kishiya tun ƙarshen 2022, sunanta ChatGPT. Ban hana ka ba ta ta gyara maka Turanci ba, ta iya. Amma in ka ce mata kawai ta rubuta maka sibi, za ta yi maka irin kirarin da ta yi wa mutum dubu kafin kai, da Turancin da in aka ce ka karanta a fili sai ka sarƙe. Ka fara zama da biro ka tuno abin da ka yi da lambobinsa, sannan ka ba ta ta goge. Bayan nan ka kai wa wani mai ido ya duba, wanda ba ya jin nauyinka. Mutum ba ya ganin kuskurensa, shi ya sa ake samun wanda ya yi shekara huɗu a jami'a ya rubuta sunanta ba daidai ba, a layin da ke ƙasa kuma ya ce shi mai lura ne da ƙananan abubuwa.

Saura 'yan ƙananan da suke kashe babba. Adireshin imel ɗin da ka buɗe kana aji huɗu, mai ɗauke da laƙabin da 'yan ƙwallo suka sa maka, ba shi za ka ba manaja ba, buɗe sabo da sunanka na yanka kyauta ne. Lambar wayar da ka sa ta zama wadda take kunne, ba layin da ke cikin wayar ƙanenka ba. Baƙuwar lamba in ta kira, ka yi sallama kamar mutum, ka daina "wa ye?" da muryar mai bin bashi. Kuma in ka tura takardar ta imel, ka rubuta layi biyu na gaisuwa da sunan aikin da kake nema, kada ka jefa ta tsirara kamar wanda ya wurgo dutse ta katanga. Facebook ɗinka ma ana leƙawa, ka san abin da ka rubuta ranar da ƙungiyarku ta sha kashi.

Sai masu tsaya maka, mutum ukun nan na ƙarshen shafi. Farfesa, da Alhaji, da Honorabul. Farfesan ya koyar da kai a aji mai mutum ɗari huɗu, ko a hanya kuka haɗu ba zai gane ka ba. Honorabul ɗin ya canza layi tun da ya faɗi zaɓe. Shugabar makarantar da ka yi wa bautar ƙasa, wadda ta ga aikinka da idonta kuma za ta yi maganarka minti goma ba ta gaji ba, ita ba ka sa ta ba saboda sunanta ba shi da nauyi. Ka mayar da ita, ka kira ta ka nemi izini, ka gaya mata irin aikin da kake nema don kada a kira ta tana tambayar wane ne. Shi kuma Alhajin da ka kwafo sunansa daga sibi ɗin yayanka, ka bincika a gida tukuna. Ina jin bara aka yi sadakar arba'in ɗinsa.